Asalin Gidajen Shayi da Abinci na Guangzhou da Hong Kong

Fita cin abinci a waje tare da iyali da abokai tsohuwar al'ada ce a ƙasar Sin, amma babu inda ta yi jijiya kamar kudancin ƙasar, wato birnin Guangzhou da maƙwabciyarsa Hong Kong. Gidaje iri biyu ne suka riƙe ta a can. Akwai gidan shayi na gargajiya, inda ake zuwa yum cha, wato shan shayi tare da ƙananan cimaka da ake kira dim sum. Akwai kuma cha chaan teng, ƙaramin gidan abinci mai araha wanda ya gauraya girkin Sinawa da na Turawa. Dukansu biyu daga wurin leburori da 'yan dako suka faro, kuma aljihun talaka da ƙuncin muhallinsa ne suka tsara kamanninsu.

Sana'ar sayar da dafaffen abinci ga wanda zai zauna ya zaɓi abin da yake so ta bunƙasa tun zamanin daular Song, wadda ta yi mulki daga 960 zuwa 1279. Babban birninta na farko, Kaifeng, yana da manyan gidajen abinci da kasuwannin dare, har da shagunan da suka keɓanta da girkin kudu ko na Sichuan domin fatake da ma'aikatan gwamnati da suka zo daga nesa. Wani marubuci mai suna Meng Yuanlao, wanda ya yi ƙaura bayan birnin ya faɗi a 1127, ya bar littafi a kan rayuwar Kaifeng, kuma a ciki ya siffanta yadda yaran shago ke haddace abin da kowane baƙo ya nema su rera wa masu girki. Wannan ya faru ƙarni da yawa kafin irin waɗannan gidaje su bayyana a Faransa.

Labarin Guangzhou kuwa na kasuwanci ne. Daga 1757 zuwa 1842, ita kaɗai ce tashar ruwan da sarakunan daular Qing suka yarje wa Turawa su yi ciniki a cikinta. Ganyen shayi da siliki da tangaran duk ta nan suke fita, don haka birnin ya cika da 'yan dako da masu kwalekwale da dillalai. A tsakiyar ƙarni na 19 rumfunan shayi suka yawaita a bakin hanya da kusa da kasuwanni, da benci da teburin katako, ba wani ado. Ana kiran su da sunan farashinsu, domin kuɗin shayin li biyu ne kacal, ɗan ƙaramin abin da ko lebura ba zai ji a jikinsa ba. Mutum zai sha shayi, ya ci ɗan abin toshe yunwa, ya ji labarin inda ake neman ma'aikata, ya koma bakin aiki.

Da 'yan kasuwa suka ga amfanin irin wannan zama, sai aka fara gina musu gidajen shayi masu hawa biyu ko uku. Tao Tao Ju, wanda ake danganta kafuwarsa da 1880, da Lin Heung na 1889, suna cikin waɗanda sunansu ya kai har yau. Gwargwadon hawan da mutum ya zauna, gwargwadon tsadar shayinsa, har mutanen garin ke cewa mai kuɗi ya hau bene, marar shi ya tsuguna a ƙasa. A benen ake ƙulla ciniki, a sasanta rigima, a yi maganar aure. Dattawa kan zo da tsuntsayensu a keji su rataye kusa da taga. Abin da aka saba nema shi ne shayi ɗaya da cimaka biyu, amma gasa tsakanin gidajen ta sa masu girki suka riƙa ƙirƙiro sababbi: ƙullin jatan lande a cikin fata mai sheƙi, burodin da aka turara da nama a ciki, naɗin garin shinkafa, ƙafar kaza da aka dafa har ta yi laushi. Yawancinsu a cikin ƙananan kwandunan gora ake turara su, uku ko huɗu a kowane kwando, kuma wannan ƙanƙanta ita ce hikimar abin. Ba a yi dim sum don mutum ɗaya ba. Sai an taru ake iya ɗanɗana iri da yawa.

Ladubban teburin ma daga nan suka samo asali. Ba a zuba wa kai shayi kafin a zuba wa na kusa, kuma ƙarami ne ke zuba wa babba. Wanda aka zuba wa yakan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu maimakon ya katse hira da godiya. Ana ba da labarin cewa fadawan sarki Qianlong ne suka fara haka lokacin da ya yi ɓad-da-kama ya zuba musu shayi, suka rasa yadda za su durƙusa ba tare da sun tona shi ba. Labari ne mai daɗi, amma almara ce. Idan ruwan buta ya ƙare, sai a ɗaga murfinta a bar shi a karkace, mai hidima ya gani ya ƙaro. A ƙarshe kuma a yi ta jayayya kan wanda zai biya.

Hong Kong ta shiga hannun Birtaniya bisa yarjejeniyar Nanjing ta 1842, kuma mafi yawan mazaunanta daga lardin Guangdong suka fito, don haka gidajen shayi suka biyo su. Luk Yu, wanda aka buɗe a 1933, yana nan har yanzu. Sai dai a ƙarƙashin mulkin mallaka an sami wani abu na daban. Turawan Ingila sun zo da shayinsu na la'asar mai madara, da burodi da bota da kek, ana cin su a manyan otal irin Peninsula da aka buɗe a 1928, inda kuɗin zama ɗaya ya fi ƙarfin ma'aikacin ƙasa. Sinawa masu girki, waɗanda da yawansu suka koyi aiki a gidajen Turawa da jiragen ruwa, suka fara kwaikwayon wannan abinci da kayan da ke hannunsu. Gidan Tai Ping Koon, da aka kafa a Guangzhou a 1860, ya yi suna wajen girkin Turawa da ruwan waken soya. A ƙasa da shi kuma akwai bing sutt, ƙananan shaguna masu fankar sama da ke sayar da abin sha mai ƙanƙara da burodi da ƙwai, waɗanda lasisinsu bai ba su damar dafa cikakken abinci ba.

Abin da ya sauya komai shi ne cikowar jama'a bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Lokacin da mamayar Japan ta ƙare a 1945, mutanen Hong Kong ba su wuce kimanin 600,000 ba. Zuwa 1951 sun haura miliyan 2, saboda masu komowa da masu gudun yaƙin basasar Sin da juyin juya halin 1949. Dubban ɗaruruwa suka kafa bukkokin katako da kwano a gefen duwatsu. Ranar 25 ga Disamba 1953 gobara ta cinye unguwar Shek Kip Mei, ta bar mutum fiye da 50,000 ba matsuguni, abin da ya tilasta wa gwamnati fara gina gidajen jama'a. Ɗakin da aka tanadar wa manya biyar a gidajen farko bai wuce murabba'in ƙafa 120 ba, banɗaki na tarayya ne, girki kuma a baranda. A irin wannan ɗaki ba a karɓar baƙo, ba a tara dangi. Ga shi kuma masana'antun saƙa da na roba sun ɗauke maza da mata tun safe har dare. Dole aka nemi wani wurin ci da na zama, kuma dole ya zama mai araha.

Da farko rumfunan bakin titi ne suka cike giɓin. Bayan yaƙi gwamnati ta ba iyalan ma'aikatanta da suka mutu ko suka naƙasa lasisin kafa rumfar abinci, wadda ake kira dai pai dong. Ƙorafi kan cunkoso da ƙazanta ya sa aka daina ba da sabon lasisi a 1956, kuma a hankali masu rumfuna da masu bing sutt suka riƙa komawa cikin shaguna da lasisin gidan abinci cikakke. Haka cha chaan teng ya samu, a shekarun 1950 da 1960. Mido Cafe na unguwar Yau Ma Tei ya buɗe a 1950, Lan Fong Yuen ya fara a matsayin rumfa a 1952, Tsui Wah kuma a 1967 a Mong Kok.

Shayin madara shi ne ma'aunin kowane irin wannan gida. Shayin Turawa ya yi wa lebura sanyi-sanyi, ɗanyar madara kuma tsada gare ta, ga saurin lalacewa a ƙasa mai zafi. Sai aka haɗa ganyen baƙin shayi iri-iri, galibi na Siri Lanka, aka dafa shi ya yi ƙarfi, ana juye shi daga buta zuwa buta ta cikin dogon matacin ƙyalle, sannan a zuba madarar gwangwani. Matacin yakan rine har ya yi kama da safar mata, daga nan shayin ya sami laƙabinsa na shayin safa, kuma ana yawan danganta fasahar da Lan Fong Yuen. Akwai kuma yuenyeung, gaurayen shayi da gahawa, da shayin lemun tsami mai ƙanƙara, wanda akan ƙara wa ɗan kuɗi a kan mai zafi. Sauran abincin ma tarihin gwangwani ne da kayan shigowa: makaroni a cikin romo, soyayyen burodi da aka tsoma a ƙwai, burodin da ake kira na abarba alhali babu abarba a cikinsa sai kamannin ɓawonsa, a tsaga shi a sa yankan bota mai sanyi. Taliyar leda, wadda Momofuku Ando ya ƙirƙiro a Japan a 1958, ta shigo a ƙarshen shekarun 1960 ta zauna daram, ana ɗora mata soyayyen ƙwai. Wanda ya san teburin mai shayi a Kano ko Maraɗi, da shayinsa mai kauri da burodi da ƙwai da Indomie, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Cha chaan teng ba wurin sakewa ba ne kamar gidan shayin gargajiya. Kuɗin hayar shago a Hong Kong yana cikin mafi tsada a duniya, don haka riba tana ga yawan masu shiga da fita. Akan zaunar da mutum tebur ɗaya da wanda bai sani ba, mai hidima ya rubuta abin da aka nema da gajerun alamu, abinci ya iso cikin 'yan mintuna. Ruwan shayin da ake fara ajiyewa kyauta, da yawa da shi suke ɗauraye cokali da sandunan cin abinci. Rashin fara'ar masu hidimar ya zama abin barkwanci a garin. Duk da haka nan ne 'yan makaranta ke haɗuwa, direbobin tasi su huta, ma'aikatan gini su sha shayin ƙarfe uku da kwata. Taron dangi kuwa na safiyar Lahadi ne, a manyan gidajen dim sum waɗanda a shekarun 1960 da 1970 suka koma faffaɗan zaure mai ɗaukar ɗaruruwan mutane, mata na tura kekunan abinci tsakanin tebura suna kiran sunan abin da suka ɗauko. Kakanni kan riga kowa zuwa su kama tebur, 'ya'ya da jikoki su iske su.

Ƙaura ce ta fitar da waɗannan gidaje duniya. A shekarun 1950 da 1960 manoman ƙauyukan Hong Kong suka tafi Birtaniya suka buɗe shagunan abinci. Bayan yarjejeniyar 1984 da ta tabbatar da mayar da yankin ga Sin a 1997, wasu dubbai suka koma Kanada da Ostareliya da Amurka, suka kafa gidajen dim sum da cha chaan teng a Vancouver da Toronto da Sydney, inda suka tarar da tsofaffin gidajen abincin Sinawa da aka daɗe da sauya wa ɗanɗano don baƙi.

A gida kuwa daraja ta zo a makare. A 2014 gwamnatin Hong Kong ta sa dabarar haɗa shayin madara cikin jerin al'adun gado 480 da ta tattara, a 2017 kuma ta sa ta cikin 20 da aka fifita. Tim Ho Wan, ɗan ƙaramin shagon dim sum da aka buɗe a Mong Kok a 2009, ya sami tauraron Michelin, lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci, ba da jimawa ba. Amma yabo bai rage kuɗin haya ba. Rumfunan dai pai dong da suka rage ba su kai 30 ba, kekunan dim sum sun ba da wuri ga takardar da ake yi wa alama, dokar hana zama cin abincin dare lokacin annobar korona ta karya tsofaffin gidaje da dama, kuma tun 2023 mazauna garin da yawa ke tsallakawa Shenzhen a ƙarshen mako don abinci ya fi araha a can.

'Yan kasuwar Nijeriya da Nijar da ke zuwa sarin kaya Guangzhou, musamman unguwar Xiaobei, sukan wuce waɗannan gidaje ba su shiga ba, kuma da dalili: naman alade da kitsensa suna cikin yawancin dim sum, har da ɓawon wasu kayan zaƙi. Abin da suka fi sani shi ne shagunan taliyar naman sa irin ta Lanzhou, waɗanda Musulmin arewa maso yammacin Sin ke gudanarwa, masu alamar qingzhen da ke nufin halal. Mai son ɗanɗana dim sum ba tare da shakka ba, akwai ɗakin cin abinci a cibiyar Musulunci ta Masallacin Ammar da ke Wan Chai a Hong Kong, inda ake yin sa da naman kaza da na sa da jatan lande.