Rubutun Ajami a Ƙasar Hausa

Ajami shi ne rubuta Hausa da baƙaƙen Larabci. Ya shigo ƙasar Hausa ta hanyar makarantar allo, shi ya sa har yau yake ɗauke da kamannin rubutun Magribi da ake rubuta Alƙur'ani da shi a ruwayar Warshu: fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Almajiri yakan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, kafin ya iya haɗa kalma. Wanda ya ƙware a nan bai buƙatar wata makaranta kafin ya rubuta wasiƙa da harshensa.

Sai dai Hausa tana da sautukan da Larabci ba shi da su, don haka malamai suka yi dabara. Suka ɗauki baƙaƙen da Bahaushe ba ya furtawa irin na Balarabe suka ba su sabon aiki. Gain ta zama ga, ƙaf ta tsaya wa ƙa, ɗa mai hannu ta ɗauki ɗa, aka ƙara mata ɗige-ɗige uku ta koma tsa. Wasalin e kuwa aka aro masa ɗigon imala na Warshu a ƙarƙashin baƙi. Ba a taɓa zama an daidaita ƙa'ida ɗaya ba, saboda haka hannun Sakkwato yakan saɓa da na Kano, musamman wajen ɓa da ca. Wannan bai cika damun masu karatu ba, tunda mai harshe ne yake karanta wa mai harshe.

Ajami ya bunƙasa sosai a zamanin jihadin 1804. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da jama'arsa sun yi manyan littattafansu da Larabci, amma wa'azin da ake son ya kai ga talaka sai a sa shi a waƙa da Fulatanci ko Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da harsunan uku, malamai mata da ake kira jaji suna kai su ƙauyuka ga ɗalibansu mata, 'yan taru. Fatake ma sun tafi da ajami nesa. Alhaji Umaru, Bakanon da ya zauna a Kete-Krachi ta ƙasar Gana, ya bar rubuce-rubuce masu yawa da shi.

Zuwan Turawa ya juya al'amarin. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, gwamnati kuma ta zaɓi boko don ofis da ɗab'i. Ofis da injin buga littafi ne suka ba boko galaba, domin a wani fannin ajami ya fi shi. Boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali: garin da ake zama cikinsa da garin tuwo duk rubutunsu ɗaya. A ajami, alif ɗin da ke bayan gain ya raba gardama.

Ajami bai mutu ba. Kamfanin Triumph na Kano ya buga jaridar Alfijir da shi, ana kuma sayar da waƙoƙin wa'azi na ajami a bakin masallatai. An cire shi daga ƙananan takardun naira a 2007, da naira ɗari a 2014, amma yana nan a jikin ɗari biyu, ɗari biyar da dubu ɗaya.