DAGA ZAUREN YAHOO ZUWA WHATSAPP: INA KARATUNMU YAKE KWANA?



Karatun haɗin gwiwa ta intanet ba yau ya fara a Kano ba. A 2001, shekarar da wayar salula ta shigo Najeriya, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya buɗe zauren Finafinan Hausa a Yahoo. Malamai da ɗalibai da 'yan fim suka riƙa tafka muhawara ta imel, har ta haifar da babban taro a Kano a 2003, aka buga takardunsa littafi a 2004.

Daga baya Hausa ta shiga Google Translate a 2013, ta shiga Facebook a 2016. Da korona ta rufe makarantu a 2020, malamai da yawa suka koma ba da darasi ta WhatsApp.

To, ga abin lura. A Disambar 2020 kamfanin Yahoo ya rufe zaurukansa kaf. Littafin nan kuwa yana nan. Darasin WhatsApp fa? Waya na lalacewa, shi ke nan, ya tafi.

Ku 'yan Challawa da Panshekara, masana'antun fata na ƙofar gidanku. Ku zauna da dattawan majema, ku tattaro kalmomin sana'ar: jima, ƙirgi, bagaruwa. Ku rubuta su tare a Wikipedia ta Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ ɗinsu, inda wani zai gyara, wani ya ƙara.

Wace kalmar jima kuka sani? Ku ajiye mana ita a ƙasa.