Reza, Kati da Doguwar Baranda

Saura mako ɗaya wani dattijo ya yi ritaya, bayan kusan shekara 40 yana sana'ar haske a birnin Rochester da ke jihar New York, sai wani sabon injiniya ya kawo masa kuka. Yaron ya sayi gilashin da zai miƙar da hasken wani ƙaramin dayod na leza, ya ɗora shi daidai, amma ɗigon ya ƙi fita tsaf, sai zobba-zobba a gefensa. Kwana uku yana fama da kwamfuta. Dattijon bai ko zauna ba. Ya kashe fitilar ɗakin, ya tara kati a gaban hasken, ya tambaye shi lambar NA ta gilashin, wato ma'aunin faɗin hasken da gilashin ke iya kamawa.

Amsar ita ce 0.3, kuma yaron yana da hujjarsa. Takardar kamfanin dayod ɗin ta ce hasken yana bazuwa digiri 30 ta ɓangaren da ya fi buɗewa. Ya raba biyu ya sami 15, lissafi ya ba shi 0.26, har ya ƙara ɗan rara. Abin da ba wanda ya gaya masa shi ne, wannan 30 ɗin an auna ta ne a inda ƙarfin hasken ya sauko rabi. Jelar hasken tana can gaba. Sai an ninka da 1.7 a kai wajen digiri 51, wanda ke neman gilashi mai aƙalla 0.43, shi kuwa dattijon ba ya sauka ƙasa da 0.5. Bakin gilashin ne ke yanke gefen hasken, yankan ne ya haifi zobban. Kuskuren bai dami dattijon ba, shi ma ya taɓa yin irinsa. Abin da ya ƙona masa rai shi ne, a kwana ukun nan yaron bai kashe fitila ya dubi hasken da idonsa ba ko sau ɗaya.

A farkon shekarun 1980, lokacin da dattijon ya shigo sana'ar, ba a da wata hanya sai kallo. Na'urar CD ta fito a 1982, ta jawo dayod mai tsawon zango nanomita 780, wanda ido ba ya kama komai daga gare shi sai ɗan ja-ja mai rauni, alhali yana iya lalata ido. Wadda ta koya masa aiki wata dattijuwa ce da ta yi ƙuruciyarta tana daidaita gilasan kyamara, ba ta da digiri, amma injiniyoyi masu digirin digirgir a ƙofarta suke layi. Idan ma'aikata suka tashi, sai ta buɗe ƙofar ɗakin gwaji ta harba hasken cikin doguwar baranda. Ita tana murza zaren gilashin a hankali, shi yana tafiya da kati mai sinadarin da ke ƙyalli idan hasken ya sauka a kansa, mita 5, mita 10, har ƙarshen bango, yana faɗa mata ko ɗigon ya tsuke ko ya buɗe. Katin yakan gaji, ƙyallinsa ya dushe, sai ya koma ƙarƙashin fitila ya sake shayar da shi.

A wannan baranda ya san astigmatizim da idonsa. Dayod na wancan zamani, hasken da ke fita a tsaye da wanda ke fita a kwance kamar ba daga wuri ɗaya suke tasowa ba. Tazarar da ke tsakaninsu takan kai maikiron 30 ko 40. Ka daidaita ɗaya, ɗayan ya kuɓuce. Ita takan murza gaba har ɗigon ya zama siririn layi a tsaye, ta murza baya har ya kwanta, daga tazarar murzawar ta faɗi irin gilashi mai siffar gora da za a ƙara. Washegari shi ake bar wa reza: ya ɗaure ta a kan ma'auni, ya riƙa tura ta cikin hasken kaɗan-kaɗan, yana rubuta abin da mita ta nuna da fensir. Sau tari lissafinsa na yini guda yakan faɗo inda ta ce.

Akwai farantin gilashin da wani masani mai suna Murty ya bayyana a 1964, wanda ke nuna miƙewar haske da layuka. Da lezar gas yana aiki kamar yankan wuƙa, amma yawancin dayod ɗin lokacin launinsu ba tsantsa ba ne, sai layukan su wanke. Shi ya sa baranda ta daɗe.

Daga zancen baranda yakan tsallake wajen shekara goma zuwa wani mako da ba ya mantawa. Wani abokin aiki ya yanke hular gwangwanin dayod don ya kusantar da gilashi, ɗigon kuwa ya lalace. Sun canza gilashi, sun zargi gam, sun zargi zafi. Ashe 'yar tagar da ke kan hular, mai kaurin milimita 0.25, tana cikin lissafin wanda ya zana gilashin. An cire ta, gyaran da aka yi dominta ya zama lahani. Har yau idan ya ga mutum yana zaɓen gilashi bai tambayi kaurin taga ba, ba ya iya yin shiru.

Yakan dawo ga tarihin sana'ar da alfahari, da kuma ɗan ɗaci. Robert Hall ya kunna dayod na farko a 1962 a Schenectady, cikin jiharsu. A 1970 aka sami dayod yana ci ba tsayawa a zafin ɗaki, a Leningrad wajen Alferov, da kuma Bell Labs wajen Hayashi da Panish. A 1982 Kodak ta garinsu ta saka gilashin asferik da aka zuba a mazubi cikin kyamarar Disc. Amma a 1984 Konica ta Japan ta fitar da na roba ƙwaya ɗaya don CD, ya maye gurbin gilasai uku da ake jerawa da hannu, kasuwar ta koma can. Ba ya kukan gilasai ukun. Ƙwaya ɗaya ta fi, ya yarda. Gargaɗinsa dai ɗaya ne, roba tana sauya inda take tattara haske idan ta ji zafi, don haka duk na'urar da za ta kwana a waje gilashi na gaske yake saka mata.

A batun mayar da ɗigon zagayayye kuwa, ra'ayin malamarsa ya riƙe. Gilasai biyu masu siffar gora suna yi, amma idan ɗaya ya ɗan karkace, sun dawo maka da astigmatizim ɗin da ka kora. Firizim biyu sun fi haƙuri: su buɗe siririn ɓangaren ninki uku, illarsu kawai su gusar da hasken gefe, sai ka tsara akwatin da sanin haka.

Daren Alhamis, da sabon gilashin mai 0.55 ya iso, ya sa yaron ya ɗaura tabarau na kariya, ya ba shi kati, ya buɗe ƙofar baranda. Shi ya zauna a wurin murzawa. Daga mita 20 yaron ya ɗaga murya ya ce zobban sun tafi, amma ɗigon dogo ne kamar ƙwallon dabino. Dattijon ya ce ya auna tsayi da faɗi, ya dawo ya buɗe aljihun tebur na biyu, firizim ɗin suna nan a naɗe cikin takarda.