Kurciya

kurciya [kurcìyā] *sn., mc.*, *jm.* kurciyoyi [kurciyōyī].

1. Tsuntsuwar gida da gona, dangin tattabara. Sunan kimiyya *Spilopelia senegalensis*. Tsawo: kimanin santimita 25. Alamomi: kai da ƙirji ja-ja, ɗigo-ɗigon baƙi a gaban wuya, toka-toka mai shuɗi a fiffike, fari a gefen wutsiya, ba ta da baƙin zobe a ƙeya. Abinci: tsaba. Ƙwai: 2, farare. *Mis.* ~ ta yi sheƙa a kan darbejiya.

Ire-irenta: (a) *senegalensis*, kudu da Sahara, har da ƙasar Hausa; (b) *phoenicophila*, Maroko, Aljeriya, Tunisiya; (c) *aegyptiaca*, kwarin Nilu a Masar; (d) *sokotrae*, tsibirin Sokotra; (e) *cambayensis*, Indiya da maƙwabtanta.

2. Sammun da ake cewa yana raba mutum da garinsu. *Mis.* an yi masa ~, ya shiga duniya.

*K.m.* Kukan ~ jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

*Haɗi:* kurciyar gamji, ɗan ~.

*Dub.* bardo, hasbiya, tattabara.