Ajin Share Fage a Cikin Sauye-sauyen Manufofin Ilimi: Nazari Daga Gazara da Kewayenta

Tsakure

Maƙalar ta bi sauye-sauyen da suka taɓa karatun yara 'yan ƙasa da shekara shida a Gazara, cikin ƙaramar hukumar Maƙarfi, da maƙwabtanta Ikara da Kudan. Ta dogara ga takardun manufofi da yanayin rayuwar yankin, ta kuma nuna cewa nauyin kowane sauyi kan malamar aji yake ƙarewa.

Sauye-sauyen

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ce ta shigar da renon ƙananan yara cikin ilimin tushe. Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2013, ta ware shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. A jihar Kaduna, ciyar da ɗalibai da aka fara a 2016 ta cika azuzuwa da yara, wasu ma ba su isa shiga ba. Shekara guda bayan haka malaman firamare 21,780 suka faɗi jarrabawar gwaji, aka sallame su, aka ɗauki sababbi. A Maris 2020 kuma korona ta rufe makarantu, aka koma darasin rediyo, wanda ɗan shekara biyar ba ya iya zama ya saurara shi kaɗai.

Sauyin da ya fi taɓa ajin share fage shi ne na harshe. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a riƙa koyarwa cikin harshen uwa a firamare. A Nuwamban 2025 ma'aikatar ilimi ta soke wannan, ta mayar da Ingilishi. Yaron Gazara da Hausa yake tashi, da ita yake zuwa makarantar allo da safe, da ita kakarsa take yi masa tatsuniya. Idan ya tarar da malama tana maimaita baƙaƙen da bai san ma'anarsu ba, haddar baki zai yi, fahimta kuwa ta tsaya a bakin ƙofa.

Abin da ke hannun malama

Yankin nan na noma ne: rake a Maƙarfi, tumatir a Ikara, masara da dawa ko'ina. Karan dawa na iya zama kayan ƙirga, yumɓu a gina baƙaƙe da shi, gaɓoɓin rake a koya jeri da tsawo. Kacici-kacici na kaifafa tunani, gaɗa da carafke na horar da jiki da lissafi. Babu ɗaya daga cikinsu da ke jiran kasafin kuɗi, kuma sauyin minista ba ya kawar da su. A ganina a nan juriyar ajin take. Lokacin kaka, da iyaye ke tafiya gona da yaransu, ya dace a sassauta jadawali maimakon a rubuta yaron a matsayin mai fashin makaranta.

Shawara

Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar Kaduna, tare da Jami'ar Ilimi ta Tarayya da ke Zariya, su horar da malaman share fage na waɗannan ƙananan hukumomi uku kan koyarwa da wasa, kuma a bar Hausa ta zama tsanin da yaro zai taka zuwa Ingilishi.