Fanke da zumar itace: tarihin kalacin safiyar Lahadi a Amurka da Kanada

Kalmar fanke, wadda Bahaushe ya ɗauka tasa ce tun kaka da kakanni, aro ce daga Ingilishi, asalinta pancake. Sai dai abin ya sauya kama a hanya. Fanken Hausa dunƙule ne da ake soyawa cikin mai. Na Amurka da Kanada kuwa shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, ana toya shi bisa kasko da ɗan man shanu. A can shi ne kalacin safiyar Asabar da Lahadi: a kwaɓa garin alkama da madara da ƙwai, yara su kewaye tebur, a kwarara masa siro. Wannan ɗan abinci yana ɗauke da tarihin mutanen da ba a cika ambatonsu ba.

Siron asali daga itacen da Faransawa ke kira érable yake fitowa, wanda ganyensa ke bisa tutar Kanada tun 1965. Cikin Maris da Afrilu, lokacin da dare ke daskarewa rana kuma ta ɗumama, ruwa mai ɗan zaƙi yana gudana cikin itacen. Sai an dafa wajen lita 40 na ruwan kafin a sami lita 1 ta siro. Ƴan asalin ƙasar, irin su Algonkin da Irokwa, su ne suka gano wannan hikima. Suna tsaga ɓawon itacen, su tari ruwan cikin ƙoƙunan ɓawo. Faransawan da suka kafa Kebek a 1608 wurinsu suka koya, suka ƙara da tukwanen ƙarfe. Yau lardin Kebek ke samar da fiye da kashi biyu cikin uku na siron érable na duniya.

A ƙarshen ƙarni na 18, zaƙin itacen ya shiga rigimar bauta. Sukarin rake na tsibiran Karayib da gumin bayin Afirka ake yin sa. Saboda haka masu ƙyamar bauta, cikinsu har da likita Benjamin Rush na Filadelfiya, suka yi kira a koma ga sukarin érable. Thomas Jefferson ya dasa itatuwan a gonarsa a 1791, alhali shi kansa yana riƙe da ɗaruruwan bayi. Dashen bai yi albarka ba, rake kuma ya ci gaba da cin kasuwa saboda araha.

Shi ma fanken bai tsira daga wannan tabo ba. A 1889, a garin Saint Joseph na jihar Misuri, aka fitar da haɗaɗɗen garin fanke mai suna Aunt Jemima. Kamfanin da ya saye shi ya ɗauki Nancy Green, wadda aka haifa cikin bauta a Kentaki a 1834, don ta tsaya a matsayin baiwar gida mai fara'a, tana toya fanke gaban jama'a a bajekolin Cikago na 1893. Fiye da shekara 120 wannan hoto yana kan kwalaye, baƙaƙen fata suna kokawa da shi, sai a 2021 aka sauya sunan zuwa Pearl Milling Company.

Hutun ƙarshen mako ma ba da shi aka tashi ba. Ma'aikata sun daɗe suna gwagwarmayar rage lokacin aiki kafin masana'antun Ford su koma kwana 5 a mako a 1926, dokar 1938 kuma ta share hanyar aikin awa 40. Da wannan ne iyali suka sami safiyar da ba gaggawa, wadda za a tsaya bakin kasko ana toyawa ɗaya bayan ɗaya.

Yawancin siron da ake saida wa talaka a yau daga masara ake yin sa, a ƙara masa launi da ƙamshi. Shi ya sa wasu iyalai ke komawa ga kwaɓa garinsu da hannu, su dafa sukari da ruwa su yi nasu siron, ko su tara kuɗin kwalba guda ta na asali. Yaron da ke lasar yatsa ranar Lahadi ya cancanci a gaya masa wanda ya fara tsaga itacen, da sunan matar da aka ɗauka haya ta yi murmushi a madadin kamfani.