Jimirin Mai Bi a Ƙasar Kurfai: Tsakanin Majami'a da Zumunci

In aka tada zancen jimirin Kirista a Nijar, hankali kan tafi ga ranakun wuta. Ranar 16 ga Janairun 2015 aka ƙone majami'u a Damagaram, washegari a Yamai, inda 'yan sanda suka ƙidaya 45, a kan zanen wata jaridar Faransa da Kiristan Nijar ba su da hannu a ciki. A jihar Tilaberi kuma aka sace Fada Pier Luigi Maccalli a Bomoanga cikin Satumban 2018, bai kuɓuta ba sai Oktoban 2020. Ba mai raina waɗannan masifu. Sai dai a ganina, wanda ya auna almajiranci da su kaɗai ya tsallake jarrabawar da ta fi daɗewa tana cin mai bi, wato ta zaman yau da kullum.

A dubi Filinge, a ƙasar Kurfai, wajen kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, cikin Dallol Boso. Kirista ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba, a Kurfai kuwa tsiraru ne cikin tsiraru. Kasuwar Filinge ranar Lahadi take ci. Da hantsi, daidai lokacin sujada, Fulani da Buzaye ke shigowa da bisashe, cinikin mako kuma na kankama. Tela ko mai tuyar ƙosai da ke bin Almasihu sai ya zaɓa, kuma kowane mako sai ya sake zaɓa. Bayan wannan ga tambayoyin da ba a cika jin su a wa'azi ba. Wa zai ba ɗansa mata? In ya rasu, ina za a bizne shi, su wa za su ɗauki makara? In ya yanka rago ranar Kirsimeti, maƙwabta za su ci? Shi ya sa masu bi da dama kan kira maƙwabci Musulmi ya yi musu yankan, don naman ya shiga kowane gida.

Akwai fastocin da ke ganin irin wannan sassauci ƙofa ce ta gauraya addini, kuma tsoronsu na da tushe. Amma tarihi bai goyi bayan ware kai ba. Mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, daga baya Tsibiri kusa da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan masu bin ƙasar Maraɗi, ta nuna yadda mishan ɗin ta yi sanyin jiki wajen karatun Faransanci, ta kuma ƙyamaci al'adu da yawa na mutanen da take wa bishara. Sai sabon tuba ya rasa tudun dafawa: bai samu aikin gwamnati ba, ga shi ya zama baƙo a gidan ubansa. Abin da ya riƙe ikilisiya daga baya na gida ne: Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka kammala tun 1932, waƙoƙin sujada da ganga, da zumuntar mata, masu kai gudummawar biki da zaman makoki ba tare da tambayar addinin mai gida ba.

Kurfayawa ma sun san imanin da hukuma ba ta so. A nan, wajen 1925, bautar iskokin Hauka ta ɓulla ta hannun Shibo, wata mata ta garin Shikal. Faransawa suka ɗaure mabiyanta, abin bai mutu ba, domin da bakin talakan Kurfai yake magana.

Yanzu da rashin tsaro ya addabi Abala da Banibangu, mai bi a wannan yanki ba shi da garkuwar da ta wuce shaidar maƙwabta a kansa, cewa ba ya ha'inci a mudu, ba ya taurin bashi, ba a rasa shi wurin gayya ko ta'aziyya. Ya kamata makarantun horar da fastoci su sa gado, aure, jana'iza da sana'a cikin darasin almajiranci, su kuma koyar da su da Hausa da Zabarmanci.